WALLACE SABINE: MALAMIN DA YA AUNA AMSA-KUWWA

Duk wanda ya taɓa shiga sabon ɗakin siminti tun ba a sa kaya a ciki ba ya san yadda murya ke ƙugi a cikinsa, kalma tana hawa kan kalma. Da zarar an shimfiɗa darduma, an kawo gado, an rataya labule, sai ƙugin ya kwanta. Wannan abu sananne ne tun zamanin kakanni. Amma har wajen ƙarshen ƙarni na 19 babu mahalukin da zai iya duban zanen gini a takarda ya faɗi yadda magana za ta fita a cikinsa idan an gina shi. Mutumin da ya fara gano hanyar yin haka wani malamin jami'a ne a ƙasar Amurka, mai suna Wallace Clement Sabine.

Kafin zamaninsa, masu zanen gine-gine sa'a kawai suke bi. Wasu sukan kwaikwayi tsohon zauren da ya yi suna, su yi fatan nasu ya fito kamarsa. Wasu kuma, idan zaure ya ɓaci, sai su ɗaɗɗaura wayoyin ƙarfe daga wannan bango zuwa wancan, wai don su karya amon, alhali kuwa wayoyin ba su tsinana kome. Har Charles Garnier, wanda ya zana babban gidan waƙa na birnin Paris, ya amsa da kansa cewa ya karanta littattafai bai sami wata ƙa'ida ba, don haka ya bar al'amarin ga sa'a.

ASALINSA

An haifi Sabine ran 13 ga watan Yuni na shekarar 1868 a wani ƙaramin gari mai suna Richwood, cikin jihar Ohio. Mahaifiyarsa, Anna, mace ce mai tsananin son ilmi, ita ce kuma ta tsaya kan karatunsa. Yana da shekara 18 ya gama Jami'ar Jihar Ohio a 1886, daga nan ya wuce Jami'ar Harvard da ke garin Cambridge, daura da birnin Boston, don ƙaro ilmin fiziks. Ya sami digiri na biyu a 1888, aka kuma riƙe shi ya zama malami. Bai taɓa neman digirin dakta ba har ya bar duniya. Aikinsa na farko a kan lantarki ne da haske, babu abin da ya haɗa shi da sauti.

A shekarar 1895 Jami'ar Harvard ta buɗe sabon gidan ajiye kayan zane da sassaƙa wanda ake kira Fogg. A cikinsa akwai ɗakin lacca mai kujeru fiye da 400, mai lanƙwasasshen bango da rufi irin na ƙubba, an shafe shi da filasta mai tauri. Ginin ya yi kyau a ido, amma da malamai suka fara koyarwa a ciki sai aka ga ba shi da amfani. Idan malami ya furta kalma guda, sai ta yi ta yawo a ɗakin fiye da sakan 5 kafin ta mutu. A cikin wannan lokaci ya riga ya faɗi wasu kalmomin goma sha wani abu, duk sun cakuɗe, ɗalibai ba su fahimtar kome.

Shugaban jami'ar, Charles Eliot, ya nemi sashen fiziks ya samo magani. Manyan malamai ba su yi ɗokin aikin ba, domin ana ganin matsala ce wadda ba ta da kai balle gindi, kuma mai taɓa ta kunya zai sha. Sai aka miƙa wa Sabine, wanda a lokacin shekarunsa 27 kacal.

AIKIN DARE

Abin da Sabine ya fara yi shi ne rarrabe cutar. Sauti yana tafiyar mita 340 ko kusa da haka a cikin sakan ɗaya. Saboda haka a cikin ɗaki yakan bugi bango ya dawo, ya bugi rufi, ya bugi daɓe, sau da yawa kafin ƙiftawar ido. Kowane bugu bangon yakan shanye ɗan kaɗan daga ƙarfinsa, ya maido da sauran. Bangon filasta ko na bulo da siminti ba ya shanye ko kashi 3 cikin 100, shi ya sa amon ke daɗewa. Wannan amo da ke saura bayan mai magana ya yi shiru, watau ragowar amo, shi ne Sabine ya ƙudura zai auna tsawonsa.

A wancan zamani babu na'urar auna sauti irin ta yau. Kayan aikinsa uku ne: bututun busa guda daga abin kiɗan nan na coci da ake kira ogan, wanda ke ba da murya ɗaya tak mai kaɗawa sau 512 a sakan, tankin iska mai hura bututun, da wani agogo na musamman mai rubuta lokaci. Na huɗunsu kunnensa ne. Yakan busa bututun har ɗakin ya cika da amo, sa'an nan ya datse iskar, ya kasa kunne, ya danna maɓalli daidai lokacin da ya daina jin kome. Ya yi ta maimaita wannan har kunnensa ya horu, awonsa na yau da na gobe ba su bambanta sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Da rana aikin ba ya yiwuwa, saboda ƙarar taragun lantarki da kekunan doki a titi. Dole sai tsakar dare, daga wajen ƙarfe 12 zuwa asuba, lokacin da gari ya yi tsit. Ga shi kuma da safe yana da aji.

Kusa da wurin akwai wani babban zaure na jami'ar mai suna Sanders, wanda ke ɗaukar mutum kusan 1,500, kuma magana na fita sarai a cikinsa. Kujerunsa duk suna da kushin. Sabine ya sami izinin aron kushin ɗin da dare, bisa sharaɗin a mayar da su kafin a fara lacca da safe. Haka shi da mataimakansa suka riƙa jidarsu a cikin duhu, su kai Fogg, su auna, su komar.

Ga abin da awon ya nuna. Ɗakin babu kome, ragowar amo sakan 5.6. Da aka shigo da kushin masu tsawon mita 8.2 gaba ɗaya, ta sauko zuwa 5.33. Da aka kai mita 17, ta koma 4.94. Da aka rufe dukkan kujeru 436, ta zama 2.03. Da aka kwaso kushin ɗin Sanders kaf, aka rufe kujeru da hanyoyi da dandamali da bangon baya har rufi, sai ta tsaya a sakan 1.14.

Daga nan ya shiga gwada wasu abubuwa: darduma, labule, bargon gashi mai kauri, katako, gilashi, har da mutane. Ya gano cewa jikin mutum da tufafinsa suna shanye sauti ƙwarai, kuma mace cikin irin suturar matan wancan zamani ta ɗan fi namiji shanyewa. Wannan ma ya jawo masa hasara, gama wata rana ya lura lissafinsa ya ƙi daidaita, da ya bincika sai ya tarar tufafin da shi kansa yake sawa ne ke canza awon. Ya zubar da awo fiye da 3,000, aikin watanni, ya sake daga farko. Tun daga ranar, kaya iri ɗaya yake sawa duk lokacin gwaji. Daga baya ma akwatin katako ya sa aka yi masa, yana shiga ciki, kansa kaɗai ke waje.

Kushin ɗin Sanders ba zai zama ma'auni ga duniya ba, tun da ba kowa ke da shi ba. Sabine ya yi tunani ya ga cewa babu abin da ya kai buɗaɗɗiyar taga shanye sauti, domin abin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Sai ya mai da taga mai faɗin murabba'in mita ɗaya ta zama mudunsa, ya riƙa auna kowane abu da ita.

Shekara biyu ta wuce yana wannan, har haƙurin shugaba Eliot ya ƙare, ya matsa masa lamba a gyara ɗakin haka nan. Sabine ya sa aka manna bargon gashi a wasu sassan bangon. A 1898 aka koma koyarwa a ciki. Ɗakin bai zama na ƙwarai ba, amma ana jin malami.

ƘA'IDAR TA FITO

A cikin kakar wannan shekara ta 1898 wani babban al'amari ya taso. Manjo Henry Higginson, attajirin da ya kafa ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston a 1881, yana shirin gina wa ƙungiyar sabon zaure, domin hukumar gari na niyyar fasa hanya ta inda tsohon yake. Kuɗi masu yawa za a kashe, kuma idan zauren ya fito da mummunan amo, ƙungiyar ce za ta durƙushe. Eliot ya ba shi shawara ya nemi Sabine.

Sabine bai amsa nan take ba. Yana da tulin alƙaluma na shekara uku, amma ba shi da ƙa'idar da ta ɗaure su. Gyaran ɗakin da ke tsaye daban, faɗin halin ɗakin da ba a gina ba kuma daban. Ya nemi a ba shi lokaci, ya koma kan takardunsa. Wani dare a ƙarshen watan Oktoba, yana zaune a gida tare da mahaifiyarsa, ya jera awon a kan takardar zane, sai ya ga ɗigogin sun bi wani lanƙwasasshen layi sananne ga masana lissafi. Ma'anarsa ita ce, a ɗaki guda, idan aka ninka abin da ke shanye sauti sau biyu, tsawon ragowar amo zai ragu da rabi. Da ya gwada ɗakuna dabam-dabam, daga ƙaramin ɗakin taron kwamiti har zuwa zauren Sanders, sai ya ga sauran sirrin yana ga girman cikin ɗakin: in ɗaki ya ƙara girma, amo ya ƙara daɗewa daidai gwargwado.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A auna tsawon ɗaki da faɗinsa da bisansa da mita, a ninka su. Abin da ya fito a ninka shi da 0.16. Sa'an nan a raba da jimlar abin da bango da rufi da daɓe da kujeru da mutane ke shanyewa, bisa mudun nan na buɗaɗɗiyar taga. Amsar ita ce yawan sakan da amo zai yi kafin ƙarfinsa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin miliyan. Alal misali, zaure mai tsawon mita 20, faɗi 15, bisa 8, cikinsa 2,400 ke nan. Idan shanyewarsa daidai take da taga mai murabba'in mita 200, ragowar amo za ta kusa sakan 2, wanda ya dace da kiɗa amma ya yi wa lacca yawa. In aka ƙara labule da kushin har shanyewar ta kai 400, sai ta sauko kusa da sakan 1, magana ta fita tsaf.

ZAUREN BOSTON

Da wannan makami a hannu Sabine ya karɓi aikin. Kamfanin McKim, Mead da White na New York ne ke zanen ginin. Higginson yana son a kwaikwayi zauren Gewandhaus na birnin Leipzig a Jamus, wanda ke ɗaukar mutum 1,500 da ɗoriya, sai dai a faɗaɗa shi ya ɗauki wajen 2,600. Sabine ya yi lissafi ya nuna cewa idan aka kumbura zauren Leipzig ta kowane gefe, cikinsa zai yi girman da amo zai wuce kima. Aka sake tsari: aka rage tsawon zauren, aka yi bene hawa biyu a gefuna da baya, aka sa dandamalin makaɗa cikin wani lungu mai karkatattun bangaye don su tura sauti wajen masu sauraro.

An buɗe zauren, mai suna Symphony Hall, ran 15 ga watan Oktoba na 1900. Shi ne zauren kiɗa na farko a duniya da aka lissafa amonsa tun yana takarda. A wannan shekara ce kuma Sabine ya buga bayanin bincikensa a wata mujallar masu zanen gine-gine, ya kuma auri wata likita, Jane Kelly, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata biyu.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. Kunnuwan mutanen Boston sun saba da tsohon zaurensu, kuma wasu makaɗa baƙi suka yi ƙorafi. Wani mashahurin mai sharhin kiɗa a jarida, William Apthorp, ya rubuta cewa sautin zauren ba shi da rai. Su kansu masu zanen ginin suka fara ja da baya ga shawarar Sabine. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya zama da wuya a sami ambaton zauren a rubuce-rubucensa na baya.

Akwai kuma inda lissafinsa bai faɗa daidai ba. Ya yi kirdadon sakan 2.31, amma da aka auna da na'urori shekaru da yawa bayan rasuwarsa, sai aka sami wajen sakan 1.9 idan zauren ya cika. Wani masani mai suna Leo Beranek ya nuna cewa kuskuren yana wajen ƙidayar abin da jama'a ke shanyewa: Sabine ya lissafa bisa yawan kawuna, alhali faɗin wurin da jama'ar suka mamaye shi ne abin dubawa. Abin mamaki, wannan sakan 1.9 shi ne kusan abin da makaɗa suka fi so ga irin wannan kiɗa. Sannu a hankali ra'ayi ya juya, yau kuwa ana lissafa zauren Boston cikin uku mafi kyau a duniya, tare da Musikverein na Vienna da Concertgebouw na Amsterdam.

TASWIRAR SAUTI

Sabine ya san tsawon ragowar amo ba shi ne duka labarin ba. A 1902 ya gwada ɗakunan koyon piyano na wata makarantar kiɗa a Boston, yana ƙara kushin yana ragewa, malaman kiɗa suna saurare. A kowane ɗaki, inda suka ce ya yi daidai bai yi nisa da sakan 1.1 ba. Wannan ya nuna masa cewa daɗin sauti ma abu ne mai aunuwa.

Bayan haka ya juya ga tambayar inda sauti ke bi. A ɗaki guda, wani wurin zama yakan sami sauti mai ƙarfi, na kusa da shi kuma ya sami rarrauna, domin amon da ya dawo daga bango yakan haɗu da mai zuwa, wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna. A wani ɗakin gwaji na ƙarƙashin ƙasa a Harvard, ya yi amfani da kan wayar tarho a matsayin kunne, ana zagayawa da shi ko'ina cikin ɗakin ana rubuta ƙarfin sautin. Da wannan ya zana taswira mai kama da ta masu safiyo, mai nuna tuddai da kwaruruka, sai dai nasa tuddan na ƙara ne, kwarurukan kuma na shiru.

Ya kuma ɗauki hoton sautin kansa. Yakan yi ɗan ƙaramin kwaikwayon zaure, kamar an yanka ginin an fitar da tsakiyarsa. A wurin dandamali sai a tayar da tartsatsin lantarki mai ƙara kamar ta bulala. Kafin ƙarar ta gama ratsa ɗan ginin, sai tartsatsi na biyu ya haska. Da yake iskar da sauti ya matse tana karkatar da haske, sai inuwar igiyar sautin ta fito a hoto kamar zoben da ke bazuwa idan an jefa dutse a tafki. A jerin hotunan ana ganin yadda zoben ke bugun rufi da bene ya dawo, da inda ƙubba ke tattara shi wuri guda. Da wannan dabara ya binciki wani sabon gidan wasan kwaikwayo na New York da amsa-kuwwa ta dama, ya buga sakamakon a 1913.

Har ila yau ya haɗa kai da wani magini, Rafael Guastavino ƙarami, suka ƙago tayil mai ƙananan ƙofofi wanda a ido kamar dutse yake amma yana shanye sauti. An yi amfani da shi a cocin Saint Thomas na New York, don a ji huɗuba ba tare da an ɓata kyan ginin ba. Duk wannan yana yi ne a kan aikinsa na jami'a, inda ya zama cikakken farfesa a 1905, ya kuma shugabanci makarantar kimiyyar aikace-aikace ta Harvard na shekaru da dama.

YAƘI DA RASUWA

A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tafi Turai don ya koyar a Jami'ar Sorbonne ta Paris. Ya yi aikin agaji, musamman kan masu tarin fuka, ya kuma ba sojojin Faransa da Ingila da Italiya shawara kan al'amuran sauti da jiragen sama, har da hanyar gano maɓoyar igwa ta wurin ƙararta. Da ya koma gida a 1917 sai gwamnati ta ba shi aiki a sashen jiragen saman yaƙi a Washington. Ya riƙa kwana a jirgin ƙasa tsakanin Washington da Cambridge don kada ɗalibansa su rasa darasi.

Alhali kuwa ciwon ƙoda na cinsa. Likitoci sun nemi a yi masa aiki, ya ƙi tsayawa sai an gama yaƙi. Da aka tsagaita wuta a watan Nuwamba na 1918 lokaci ya riga ya ƙure. Ya rasu ran 10 ga watan Janairu na 1919, bayan an yi masa aikin, yana da shekara 50. Wani attajiri, George Fabyan, ya riga ya gina masa ɗakin gwajin sauti na musamman a Riverbank cikin jihar Illinois, amma bai rayu ya yi aiki a ciki ba. Wani danginsa, Paul Sabine, shi ya ci gaba da gudanar da wurin.

An tattara rubuce-rubucensa aka buga su littafi guda a 1922. Masana sun sa wa mudun nan na buɗaɗɗiyar taga suna sabin don tunawa da shi. A 1946 aka kafa allon girmamawa da sunansa a zauren Boston, wurin da ya sha suka a kansa, kuma tun 1957 ƙungiyar masana sauti ta Amurka ke ba da lambar yabo mai sunansa. Ɗakin laccar Fogg kuwa, inda aka faro kome, an rushe shi a 1973.

Waɗanda suka biyo baya sun yi gyare-gyare. A 1930 Carl Eyring ya fito da lissafin da ya fi dacewa da ɗakuna masu shanye sauti da yawa, irin na gidajen rediyo. Yau makirfo da kwamfuta sun maye gurbin kunne da agogo, injiniya na iya bin sawun dubban amo a cikin ginin da ba a ko haƙa harsashinsa ba, har ya saurari yadda zai yi. Duk da haka, ko zauren majalisa za a gina, ko masallaci, ko coci, ko ajin makaranta, lissafin farko da masanin sauti ke yi shi ne wanda Sabine ya fitar daga kushin ɗin aro a 1898.